In Lokaci Ya Yi, Za a Tashe Ki

Mabera, Sakkwato

Saratu autata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya tsare mini ke a gida da kan hanya, ya sauke ki lafiya inda za ki, ya haɗa ki da masu tsoronsa.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya, ɗaki ɗaya ma, amma ga ni ina rubuto miki takarda. Laifinki ne. Ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na buɗe baki sai ki ce, "Inna, sha maganinki tukuna," ko ki miƙe ki hau gyara mini matashin kai. Takarda kuwa ba a tura mata ƙwaya a baki, don haka ki nemi wuri ki zauna ki karanta har ƙasa.

Ranar Asabar ya kamata ki hau mota zuwa gidan Sistocin nan masu zaman addu'a da suka karɓe ki. Kin ɗaga tafiyar nan, kin sake ɗagawa, duk saboda ciwona. Da kunnena na ji Babbar Sista tana gaya miki a waya cewa wannan karon in ba ki shiga tare da sababbi ba, sai dai su ba wata gurbin. Jiya kuma na ga kin buɗe akwatin da kika riga kika ɗaure, kin zaro zannuwanki kin mayar cikin durowa. Kin ɗauka barci nake yi. Na san abin da ke cin ranki: wannan numfashi nawa da ke sarƙewa cikin dare, da tsoron kada abin ya zo ba kya kusa.

Da kika dawo daga ziyarar da kika kai musu, ba abincinsu kika ba ni labari ba, ba gonarsu ba, sai tashin dare. Kin ce tun da sauran duhu sosai wata Sista takan bi ƙofa-ƙofa tana ƙwanƙwasawa, ta kunna fitilun ɗakin addu'a, ta kaɗa ƙararrawa, sannan su taru su yi ta yabon Allah har gari ya fara haske. Kin ce aikin tashin mutane zagayawa yake yi, wannan mako wata, mako mai zuwa wata, kuma kina roƙon Allah a ba ki shi. Na yi dariya a cikina, don na san jinin wa ke yawo a jikinki. Ni ma na so aikin nan tun ina yarinya, na kuma ɓata shi ba sau ɗaya ba. Bari in gaya miki yadda aka yi, ko kya tsallake ramukan da na faɗa.

Kin san abin da muke yi a coci daren Alhamis ɗin da ke gaban Ista. Bayan Misa a kwashe kayan bagadi, a kai Sakramenti, wato gurasar tarayya mai tsarki, wani ƙaramin ɗaki da aka ƙawata da furanni da kyandir, a zauna tsaro a gabansa, don tunawa da daren da Ubangiji ya roƙi abokansa su zauna a faɗake tare da shi, barci ya kwashe su. Yanzu saboda halin da ƙasa ke ciki da wuri ake tashi, kowa ya kama hanyar gida. A zamaninmu kwana ake yi. Mu mata mu shimfiɗa tabarmi a azuzuwan makarantar coci, maza a baranda, a raba dare kashi-kashi. Wadda ta kusa gama nata za ta leƙa ta tashi mai bi mata, ta dawo ta durƙusa, kuma ba za ta bar wurin ba sai mai karɓa ta shigo. Dokar ke nan, ba ta da wuya ko kaɗan.

Shekarar da na fara shiga Zumuntar Mata, ina amarya, mai bi mini ita ce Yaya Asabe, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin titi. Da lokacinta ya yi na je ajin da take, na same ta ta baje, baki buɗe, hannunta duk tabon mai. Matar nan kullum tun asuba take gaban wuta. Na tsaya a kanta na ji tausayi. Amma tunda na ce gaskiya zan gaya miki, tausayin rabi ne. Ɗaya rabin, so nake da safe a ce Hannatu ta yi kashi biyu ba ta ko gyangyaɗa ba. Na juya na koma na yi nata.

Da gari ya waye ina naɗe tabarma, ina jiran godiya, sai ga ta a kaina.

"Hannatu, wa yac ce ki yi min haka?"

Na ce, "Yaya, na ga kin gaji na, shi yas sa nib bar ki ki huta."

Ta ce, "Gajiyata taki ta? Shekara guda ina jiran daren ga. Ina da maganad da zan yi da Ubangijina bisa ɗana da yat tahi Ikko yay yi shiru. Ke kin tahi kin zamna min wuri. To mi kic ce mai? Kin ko san sunan yaron?"

Ban san sunansa ba. Ban ma san tana da ɗa a Ikko ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita tana share ido da bakin zane.

Saboda haka, Saratu, duk wadda aka ce ki tasa, ki tashe ta. Ko kin ga ta tsufa, ko kin ga jiya ta wuni a gona, ki ƙwanƙwasa. In ba ta da lafiya, ita da Babbar Sista za su yanke wannan, ba ke ba. Ba ki san abin da mutum ya ƙulla a zuciyarsa yana jiran wannan sa'a ba. Kuma duk ranar da kika ji zuciyarki tana ce miki ke kaɗai kin isa ki ɗauke wa kowa, ki bincike ta da kyau, don ni na san abin da na tarar a tawa.

To, kin san halina, ba na tsayawa a tsakiya. Daga ranar na koma ɗaya gefen. Na sayi tocila mai ƙarfi, na zama dodon kwanan coci. In zan tashi mace sai in dalle mata haske a fuska, in ce, "Tashi, Ubangiji na jira!" Har suna suka sa mini, Sajan, ina kuma jin daɗinsa. Wata shekara na kama wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa tana gyangyaɗi a durƙushe, goshinta har yana taɓa benci. Maimakon in taɓa ta in yi shiru, sai na ajiye abin har taron Zumunta, na tashi na kwaikwayi yadda take yi. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Yarinyar nan ta ci gaba da zuwa coci ranar Lahadi, amma ba ta ƙara kwanan tsaro ba har ta yi aure ta bar garin. Yau ko sunanta na manta, fuskarta ce dai ban manta ba.

Babanku, Allah ya ba shi hutawa, shi ne mai kaɗa ƙararrawar coci a lokacin, kuma kin san shi ba mai yawan magana ba ne. Da labarin ya kai masa, yana cin tuwo, bai ko ɗago ba ya ce, "Hannatu, mutum na za ki tadawa, ba jaki ba. In azumi ya zaka, ki kasa kunne ki ji yadda Hajiya Inno ka tada gidanta."

Hajiya Inno dai kin san ta, maƙwabciyarmu matar mai sayar da hatsi, wadda katangarmu ɗaya. Na ji haushin maganar, amma da azuminsu ya zo na kasa kunne lokacin sahur. Gida cike da 'ya'ya da jikoki da yaran shago, amma ba ihu, ba buga ƙofa. Sai dai ki ji muryarta ƙasa-ƙasa tana yin sallama, ta kira suna, ta yi shiru, ta sake kira. Daga baya na tambaye ta, ta ce ƙafa take taɓawa, ba ta taɓa fuska, kuma ba ta matsawa gaba sai mutum ya amsa ya tashi zaune. Na ajiye tocilata ta koma ta neman akuya.

Ke ma haka za ki yi. Ki ƙwanƙwasa a hankali, ki jira amsa. Mutumin da aka tasa daga barci ba shi da kariya, fuskarsa a kumbure, bakinsa ba daɗi, wani lokaci ma ya yi miki tsaki bai sani ba. Abin da kika gani a wannan lokaci kada ya kai safe a bakinki. In kuma ke ce barci ya sace a tsakiyar addu'a, kuma zai sace ki, kada ki wuni kina dukan kanki. Ki gyara zama ki ci gaba daga inda kika farka.

Yanzu sai na ukun, wanda saboda shi na ɗauki biro. Ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba.

Lokacin ciwon ajalin Babanku kina makarantar kwana, yayanki kuma yana wurin aiki a wani gari. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. Likita ya sallame mu ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a, kin kuwa san ma'anar wannan. Gwaggonku Laraba, yayarsa, ta baro Wamakko da ƙullin kayanta ta zo. Daren farko ta ce mini, "Hannatu, mu raba daren ga. Ki kwanta hat tsakad dare in tashe ki, ni kuma in kwanta."

Na ce, "Mijina na. Ni ka jinyatai."

Ba ta ja ba. Matan Zumunta ma suka zo suka ce za su riƙa karɓa ta, na yi musu godiya na raka su ƙofa. Ni Sajan, wa zai koya mini zaman dare? Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗaki daga waje, nan take kwana cikin sauro. Ni ina ciki a kan kujera, ina yi masa fifita, ina jiƙa masa leɓe, da rana kuma ga girki ga masu zuwa dubiya. Tun ina ganin mutum ɗaya har na koma ganin biyu. Kowane dare sai Gwaggo ta leƙo ta ce, "In karɓe ki?" in ce a'a.

Wani dare, can wajen asuba, wuyana ya yi nauyi. Na ce bari in ɗora goshi a gefen katifa in ɗan sauke shi, ba barci zan yi ba. Abin da na sani ke nan. Muryar ladanin masallacin unguwa ce ta tashe ni. Na ɗago na ga Gwaggo zaune a ɗaya gefen gadon, hannunsa cikin nata, ta riga ta rufe masa ido.

Ta ce, "Na ji hihita ta tsaya, shi yas sa nis shigo. Ya buɗe ido, ya dibe ki, ya aza hannu bisa kallabinki. Na so in tashe ki, sai nig ga yadda kwana yak kai ki, tausai ya kama ni. Nic ce bari ki samu ko kaɗan. Ban san tahiya ta ba, Hannatu."

Saratu, na yi fushi da matar nan, fushi mai tsanani. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, ina gaishe ta da baki kawai. Shekara da shekaru ina tare da mutumin nan, ya sa hannu a kaina yana sallama da ni, ni ina can ina minshari. Wa ya aike ta ta ji tausayina? Haka na yi ta ɗauke da abin har Ista ta zagayo. Daren Alhamis ina durƙushe a gaban Sakramenti, ba addu'a nake yi ba, ƙara nake kaiwa. Da lokaci ya yi na je na taɓa ƙafar mai bi mini, na dawo. Sai ga ta ta shigo tana dogara sanda, Yaya Asabe ce, ta tsufa tukuf. Ta durƙusa kusa da ni da ƙyar, ta ce, "Na karɓe ki, ɗiyata. Tahi ki kwanta." Nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Abin da na yi mata ina amarya, shi aka yi mini, da tausayi iri ɗaya.

Da na natsu sai na ga sauran. Ba don Gwaggo tana bakin ƙofa ba, da Babanku ya tafi ba kowa ido biyu a kusa da shi. Da kuma na yarda mun raba daren tun farko, da na samu barcina da wuri, da akwai alkawari a tsakaninmu cewa in an ga wani canji a tashi ɗaya. Ni na hana a yi wannan alkawari. Da aka gama hidimar Ista na hau mota zuwa Wamakko, na durƙusa a gabanta. Ta ce in tashi kada in sa ta kuka, ta kawo mini fura.

To, dubi kanki. Watanni ke nan kina zaune a kujerar nan da na zauna, ita ce ma ba wata ba. Ladi, matar yayanki, ta roƙe ki ki bar mata wasu darare, amma kika ce mini, "Inna, Ladi nauyin kwana gare ta, ko ganga anka buga ba ta ji." Ladin da ta yi goyo uku, wadda in jariri ya motsa a ɗaya ɗakin take miƙewa? Kin rame, idonki ya faɗa, shekaranjiya kin zuba gishiri a kunu. Ina kallon ki ina ganin Sajan ta dawo gidana da ƙuruciyarta. Ina jin daɗin hannunki, Allah ya sani, ba wanda ya iya jera mini matasai kamar ke. Amma ba zan yarda ki rufe ƙofar da Allah ya buɗe miki don ki zauna kina ƙirga numfashina ba.

Abin da nake so ki yi kafin Asabar shi ne ki koya wa Ladi. Ki nuna mata ƙwayar da ake sa mini a ƙarƙashin harshe, da yadda ake tayar da ni zaune in abin ya motsa. Ki nuna mata sau ɗaya, ki bar ta ta yi da hannunta, kada ki tsaya a kanta kina gyara. Yayanki ya ce zai ɗauki daren Juma'a da na Asabar. Matan Zumunta sun ce za su riƙa zagayowa, wannan karon kuma ban raka su ƙofa ba. Hajiya Inno ma ta aiko cewa in dare ya yi tsanani a buga katanga, ɗanta yana da mota.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tunda ke ba yarinya ba ce. Mai yiwuwa ne abin ya zo kina can. Ni ma ba na son tuna haka, don ina son in ga fuskarki a ƙarshe, kowace uwa tana so. Amma na zauna da mutum ba dare ba rana, goshina a kan katifarsa, ya tafi ban sani ba. Zama kusa bai ba ni abin da nake nema ba.

Don haka na yi abin da ban yi ba a lokacin Babanku. Na sa Ladi ta durƙusa a nan ta yi mini alkawari cewa in ta ga alama, ko wane lokaci ne, za ta buga waya gidan Sistocin, ba za ta ce bari gari ya waye ba. Sannan ranar da kika tafi kasuwa na sa ta kira mini Babbar Sista, na yi magana da ita da bakina. Na tambaye ta, in waya ta zo da tsakar dare, za ku tashi ɗiyata, ko za ku ji tausayinta ku bar ta har safe? Ta ce a gidansu ba a ajiye irin wannan labari. Za a ƙwanƙwasa ƙofarki, kuma ba ke kaɗai za ki tashi ba, duk gidan za su taru a ɗakin addu'a su zauna tare da ke har abin da Allah ya nufa ya kasance. Da na ji haka na ce mata to, ta sa ido ranar Asabar, kina tafe.

Yanzu da nake rubuta wannan rana ce tsaka, ana ta kiran azahar. Ga ki can a kujera, kanki ya karkace, kofin maganina a cinyarki, kina barci irin na Yaya Asabe. Na sa Ladi ta kwaso zannuwan nan daga durowa ta mayar cikin akwati, ta ɗaure shi da igiya yadda ba za ki iya kwancewa da sauƙi ba. Ta tambaye ni ko ta tashe ki ki ci abinci, na ce ta bar ki, wannan ba lokacin tsaronki ba ne.

Yau da dare za ta shigo da tabarmarta. In ta shigo ki miƙa mata tocila da kofin, ki yi mini sai da safe, ki tafi ɗaya ɗakin ki ja ƙofa. Kada in ji motsinki a bakin taga.

Allah ya yi miki albarka, autata. Ya tsare motar da za ki hau da mai tuƙa ta, ya kare ki daga mugun ji da mugun gani a hanya. Ya ba ki haƙuri da 'yan'uwan da za ki tarar, ya ba su haƙuri da ke, don za su buƙace shi. Ya sa hannunki ya yi laushi a kan kowace ƙofa da za ki ƙwanƙwasa. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, ke ma ki yafe mini.

Na karɓe ki, Saratu. Je ki kwanta. In lokaci ya yi, za a tashe ki.

Innarki,
Hannatu